Ƙwayoyin Cutar da Suka Zama 'Yan Tauri a Gadajen Asibiti

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a Katsina ko Daura ya ga irin wannan, ko da bai san sunan abin ba. An kawo mace daga ƙauye bayan doguwar naƙuda, an yi mata tiyata, an ciro yaro lafiya, dangi sun fara buga waya ana barka. Kwana uku zuwa huɗu sai zazzaɓi. A na biyar ɗinki ya fara tsatsar ruwa, wurin ya yi ja ya kumbura. Likita ya rubuta allura, aka sayo, aka yi kwana uku shiru. Ya canza wata da ta fi ta farko tsada. Maigida ya koma gida ya kai tunkiya kasuwa. A waje kuma, inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, an riga an yanke hukunci: wata ta ce sammu ne, wata ta ce jininta ne ba ya son ɗinki, wani dattijo ya ce maganin zamanin nan duk gari ne.

Dattijon yana da 'yar gaskiyarsa, za mu dawo kanta. Amma abin da ya fi yawan faruwa shi ne, ƙwayar cutar da ta shiga ɗinkin nan a asibitin ta same ta, kuma irin wadda ta riga ta san magungunan da ake harbinta da su ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2022 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, cikin mutum 100 da aka ba gado, 15 kan kamu da wata cuta a asibiti wadda ba da ita suka zo ba. A ƙasashe masu arziki 7 ne. Kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba sa tashi. A kan masu haihuwa ta tiyata kuwa, hukumar ta ce a Afirka har mace ɗaya cikin biyar ɗinkinta kan kamu da cuta.

Kafin a yi nisa, akwai wata magana da ya kamata a gyara, domin ita ce ke ɓatar da lissafin mutane. Za ka ji mutum ya ce, "Ai jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini." Jiki ba ya sabawa da maganin kashe bakteriya. Ƙwayar cutar ce ke sabawa. Bambancin ba ƙarami ba ne, don da jikin mutum ne ya saba, da matsalar ta tsaya a kansa shi kaɗai. Tunda ƙwayar cuta ce, tana iya barin jikinsa ta koma jikin jaririn da bai taɓa haɗiyar ko ƙwaya ɗaya ba a rayuwarsa, kuma maganin ya ƙi yi wa jaririn aiki. Waɗanda suka manyanta sun ga makamancin haka da kulorokwin. Shekaru da dama shi ne sarkin maganin zazzaɓin cizon sauro, mai ƙaiƙayi da ɗaci, har ya zama ana sha zazzaɓin yana nan, Najeriya ta sauke shi daga sahun farko a 2005. Jikin mutanen Katsina bai canza ba. Abin da sauron ke ɗauke da shi ne ya canza.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Bakteriya halitta ce mai rabewa biyu. Irin su E. coli, idan sun sami ɗumi da abinci, kowane minti 20 ɗaya kan zama biyu, don haka ƙwaya ɗaya tal tana iya haura biliyan cikin awa goma. A cikin taro mai yawa haka ba a rasa 'yan tsiraru da suka bambanta da sauran. Idan aka sha magani, masu rauni su mutu, masu taurin su saura, kuma fili ya zama nasu. Manomi ya san wannan: ka yi feshi, ciyawa mai laushi ta ƙone, wadda ba ta ji ba ta cinye gonar a damina mai zuwa. Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne, magani ba ya zaɓen inda zai je. Ka sha shi don ciwon haƙori, zai bi ta hanji, inda biliyoyin bakteriya ke zaune lafiya da kai, ya yi irin wannan tankaɗe da rairaya a can. Ka warke, ka ci gaba da harkarka, kana ɗauke da masu taurin a cikinka ba ka sani ba, sai ranar da aka yi maka aiki ko aka sa maka robar fitsari suka sami ƙofa.

Ni dai ban sami abin da ya fi dacewa da su ba kamar 'yan tauri. Kowannensu da irin nasa laƙanin. Wasu suna fitar da wani sinadari da ke datse maganin kafin ya taɓa su, kamar a karya wuƙa tun tana hannun mai ita. Wasu suna da famfo a jikinsu, magani na shiga suna fitar da shi. Wasu kan sauya siffar wurin da maganin ke kamawa, ya zo ya rasa madafa. Wasu kuma su toshe ƙofofin da yake bi. Akwai masu haɗuwa su gina wata irin yauƙi a jikin roba ko ƙarfen da aka sa wa majinyaci, su ɓuya a ciki, magani ya wuce ta sama. Abin da ya fi tayar da hankalin masana shi ne laƙanin ba gado kaɗai ake yi ba, ana bayar da shi. Yana rubuce a kan wani ɗan guntun ƙwayar halitta da ake kira filasmid, wanda bakteriya ɗaya kan miƙa wa wata ko da ba dangi ɗaya ba ne, kamar yadda ɗan tauri kan ba yaronsa laya. Sau da yawa laya ɗaya tana ɗauke da maganin wuƙa da na takobi da na mashi a haɗe. Shi ya sa likita zai canza magani zuwa wani dangi dabam, ya tarar an riga an sha gabansa.

Asibiti kuwa shi ne dandalinsu, don a nan ake tara abubuwa uku wuri ɗaya: marasa ƙarfi, magani mai yawa, da ƙofofin shiga jiki. Kowace allurar ƙarin ruwa da aka bari a hannu ƙofa ce. Robar fitsari ƙofa ce, kuma kowace rana da ta ƙara kwana, haɗarin shigar bakteriya mafitsara na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari. Yankan tiyata, ƙunar wuta, cibiyar jariri, bututun numfashi, jijiyar mai wankin ƙoda, duk haka. Kowace ƙwaya kuma da inda ta fi so. Staphylococcus aureus na zaune a hancin kusan mutum ɗaya cikin uku ba tare da ta yi musu komai ba, amma in ta shiga rauni ita ce ke kawo ruɓa da mugunya. Klebsiella daga hanji take, ita ce dodon ɗakin jarirai. Pseudomonas na son danshi: bakin famfo, wurin wanke hannu, bokitin da aka bar tsumma a ciki. Acinetobacter kuwa ko bushewa ba ta dame ta, tana iya yin makonni a jikin ƙarfen gado tana jiran wanda za a kwantar.

Tarihin magungunan ya yi kama da hawa tsani ana sare matakan ƙasa. Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan a 1928. Da ya je karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa lokaci na iya zuwa da kowa zai sayi penisilin a shago, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da ƙima, ya koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure. Mutumin nan bai taɓa tsayawa gaban kemis a unguwarmu ba, amma kamar ya leƙo. Da penisilin ya fara gazawa aka kawo metisilin, a 1961 aka ba da rahoton Staphylococcus da ba ta jinsa a Ingila, wadda ake kira MRSA har yau. Aka koma kan dangin seftirayazon, allurar da yanzu kusan duk wanda aka ba gado sai ya ɗanɗana, sai ga E. coli da Klebsiella masu datse su sun bazu duniya. Aka hau matakin su meropenem, masu tsadar gaske. A 2008 aka sami wata Klebsiella a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, tana da sinadarin da ke karya har waɗannan, aka sa masa suna NDM-1. Likitoci suka koma suka tono kolistin, tsohon magani da aka ajiye tun da daɗewa saboda yana taɓa ƙoda. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahoton laƙanin kolistin mai yawo a kan filasmid, an same shi a aladu da nama da mutane. Sabon magani kuma ba ya zuwa da gudu. Yawancin dangin da ake amfani da su yau an gano su ne tsakanin shekarun 1940 da 1960, kuma kamfanoni ba sa ɗokin zuba kuɗi a kan abin da za a ce a kulle a kabad sai ta ɓaci. Wani kamfanin Amurka mai suna Achaogen ya sami izinin sabon maganinsa a 2018, a 2019 ya durƙushe.

Kada a ɗauka labarin ƙasashen waje ne. Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, fiye da waɗanda ƙanjamau ko zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka, mutum 27 cikin kowane 100,000. Ƙiyasin Najeriya kaɗai 64,500 ne. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken BARNARDS a kan jarirai masu cutar jini, da aka yi a ƙasashe bakwai, ciki har da asibitoci a Kano da Abuja. Magani biyu da aka saba fara ba jariri da su su ne amfisilin da jentamaisin. A cikin ƙwayoyin da suka gwada na rukunin su Klebsiella daga dukkan ƙasashen, kashi 97 cikin ɗari ba sa jin na farko, kashi 70 ba sa jin na biyu. Tsakanin Kano da Katsina ba shinge. Mota ɗaya ke kai majinyata, kasuwa ɗaya ake sarin magani, haka nan tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Daura da Damagaram.

To ina ake ƙera taurin? Rabin aikin ana gama shi kafin majinyaci ya ga ƙofar asibiti. "Malam, ba ni ja da yalo guda huɗu, cikina ke murɗa." "Hajiya ta ce a ba ta Ampiclox, an yi haihuwa." Yaro na mura, wadda bairos ke kawowa kuma maganin bakteriya ba ya taɓa ta, a sayo masa Septrin. Gudawa ta kwana ɗaya, Flagyl. Mace ta ga ɗan ruwa da ba ta saba gani ba, ƙawa ta ce sanyi ne, a haɗa mata kala uku, wata mai zuwa a sake. Sai uwa uba "maleriya da taifot", tagwayen da ba sa rabuwa a takardun gwajinmu. Gwajin Widal da ake dogara da shi, in an yi shi sau ɗaya, yakan nuna akwai taifot a jikin wanda ya taɓa yi shekarun baya, har ma da mai zazzaɓin sauro kawai. Sakamakonsa mutane ba iyaka suna shan sifro ko karɓar allurar seftirayazon don cutar da ba su da ita. A nan maganar dattijon nan ke shigowa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko bai kai ƙima ba. Ƙara da wanda ya wuni a faranti a kan mai talla cikin ranar watan Afrilu. Maganin da ke ɗauke da rabin ƙarfinsa ya fi gari zalla ɓarna ta wannan fuskar, don gari ba ya koya wa ƙwayar cuta komai, shi kuwa rabin magani horo yake ba ta. Dabbobi ma suna cikin lissafin. Mai gidan kaji na zuba magani a ruwan sha don rigakafi, makiyayi na yi wa saniya allurar tetirasaikilin da kansa, a tatsi nono washegari, kashin kaji kuma a kai shi gonar lambu.

Ba na cikin masu ɗora laifin duka a kan ɗan kemis. A ƙauyen da asibiti ke da nisan tafiyar awa biyu a kan babur, kuma hanyar ma ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba, shi ne likita, shi ne nas, shi ke ba da bashi. Wanda ya sayi ƙwaya huɗu maimakon ashirin ba don jahilci kaɗai ba ne, abin da ke aljihunsa ke nan, musamman tun da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya a 2023 farashin irin su Augmentin ya yi tashin gwauron zabo. Har yanzu yaran da ciwon haƙarƙari ke kashewa don ba su sami amoksisilin mai kyau a kan lokaci ba suna da yawa ƙwarai. Duk wanda ya zo da shawarar a kulle magani kawai ba tare da ya kawo asibiti kusa ba, wata mutuwar zai musanya da wata.

Ɗaya rabin aikin a cikin asibitin ake yinsa, kuma tushensa harbi cikin duhu. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauki jini ko fitsari ko mugunya kafin a fara magani, a shuka a ɗakin gwaji, a ga wace ƙwaya ce ta tsiro, sannan a jera mata magunguna a ga wanda ke kashe ta. Aikin kwana biyu zuwa biyar ne. Yana buƙatar kwalaben shuka, da akwatin ɗumi da zai tsaya a kan ɗumin jikin mutum dare da rana ba a ɗauke masa wuta ba, da ma'aikacin da ya iya. Manyan asibitocin koyarwa suna yi, amma yawancin ƙananan asibitoci ba su da halin. Inda ake yi ma, kuɗin gwajin daga aljihun mai jinya zai fito, sai ka ji ya ce, "Likita, kuɗin nan ba gara a sayi maganin da shi ba?" Likita na ganin mutum zai tafi, dole ya yi hasashe, kuma mai hasashe babban makami yake ɗauka don kada ya kuskure. Wannan hasashen na yau, mai kyakkyawar niyya, shi ke dushe makamin gobe. Akwai kuma al'adar ba duk wanda aka yi wa tiyata magani na kwana biyar ko bakwai "don kada". Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 sun ce maganin rigakafi kafin a tsaga fata ake ba da shi, cikin awa biyu kafin aiki, kuma ci gaba da shi bayan an gama ba ya ƙara kariya. Amma ka gaya wa likitan da ya san ruwan famfo ya yanke tun jiya kuma tukunyar dafa kayan aiki tana jiran janareta, zai ce maka maganin ne kaɗai katangar da ta rage masa. Yana amfani da magani ya rufe ramin da tsafta ya kamata ta rufe.

Nan ne nake ganin gaɓar take. Ƙwayar cuta ba ta da ƙafa. Daga gado na uku zuwa gado na huɗu a hannu take tafiya. A 1847 wani likita a birnin Biyenna, Ignaz Semmelweis, ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Mace-macen da suka kai kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu suka sauko kusa da kashi 2 cikin 'yan watanni, kusan shekara ɗari kafin penisilin ya shiga asibiti. Abokan aikinsa ba su gode masa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsaftar hannu da sauran matakan kariya na iya hana har kashi 70 cikin ɗari na cututtukan asibiti, amma rahotonta da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da ruwa da sabulu ko man goge hannu a wurin duba marasa lafiya da kuma bakin bandaki. Nas ɗaya a kan gadaje talatin, famfo ɗaya a ƙarshen ɗaki, jarirai biyu ko uku a kwalba ɗaya lokacin da bakwaini suka yi yawa: wa'azin wanke hannu ba zai gyara wannan ba, sai rijiyar burtsatse da tanki da ƙarin ma'aikata. Safar hannu ma tana yaudara. Wadda aka sa tun safe ana zagaya ɗaki da ita, mai ita kaɗai take karewa.

Mu ma masu jinya da 'yan dubiya muna da namu kason, kuma faɗinsa ba daɗi. A asibitocinmu dangi ne ke juya majinyaci, su zubar da fo, su ba da abinci, su aro wa maƙwabcin gado kofi da buta. Ranar Juma'a da yamma ɗaki kan cika, mutum goma a kan gado ɗaya, kowa ya gaisa hannu da hannu, kowa ya karɓi jariri ya sa masa albarka. Dubiya ibada ce, ba mai cewa a daina. Amma addu'a daga nesa kaɗan tana isa, kuma mutanen da ke alwala sau biyar a rana ba su ne za a koya wa wanke hannu ba, sabulu kawai za a ƙara, kafin a taɓa majinyaci da bayan an taɓa. Mai jinya yana da damar ya tambaya cikin ladabi: "Sista, robar nan har yanzu ana buƙatarta?" ko "Likita, za a iya shuka ruwan ciwon kafin a canza allurar?" Kuma kada a shafa wa ɗinki ko cibiya komai daga gida.

A kan takarda Najeriya ba ta zauna ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta jagoranci shirin ƙasa na farko kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani na 2017 zuwa 2022, aka ƙaddamar da na biyu a 2024. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan gida uku: na yau da kullum irin amoksisilin, na taka-tsantsan irin seftirayazon da sifro, da na ajiya irin kolistin. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Satumbar 2024 ƙasashe suka yi alkawarin kashi 70 cikin ɗari na abin da ake sha ya fito daga gidan farko, a kuma rage mace-macen da ke da alaƙa da bijirewar bakteriya da kashi 10 zuwa 2030. Wanda ya leƙa takardun magani a kowane ɗakin kwanciya zai ga gida na biyu ne ke mulki.

Wanda ya sami halin yin gwajin shukar, takardar da za a miƙo masa gajeriya ce: sunan ƙwayar a sama, jerin magunguna a ƙasa, kowanne da harafi a gabansa. R na nufin ba ta jinsa, S na nufin yana kashe ta. Wani lokaci S ɗin yakan faɗo a gaban wani tsohon magani mai araha da ba wanda ya yi tunaninsa, bayan an ƙarar da kuɗin tunkiya a kan allurai uku masu R. Wani lokaci kuma mai jinya zai bi jerin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya sami S ɗaya tak, a gaban maganin da sai an aika Kano a nemo.